MAƘARƘASHIYA DA KUMBURIN CIKI GA MATA MANYA
Bayani Domin Hakimai da Malamansu a Ƙasar Gaya da Ajingi

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da magatakardansu, su karanta su fahimta, sa'an nan su isar da shi ga dagatai da masu unguwanni. An yi shi musamman saboda mutanen Balan da sauran gundumomin Gaya, irin su Kademi da Shagogo da Gamarya, da kuma na Ajingi, irin su Toranke da Balare da Gafasa. Bisa dokar da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024, masarautar Gaya ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, Gaya da Ajingi da Albasu, kuma abin da za a faɗa a nan ya shafe su duka, gama abincinsu ɗaya ne, zaman gidansu ma ɗaya ne.

Wani zai yi mamakin a ce an kawo zancen bayan gida gaban hakimi. Dalili kuwa shi ne, wannan ciwo ne da ba ya zuwa fada, ba ya ma zuwa zaure. Macen da ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki, ba ta iya buɗe baki ta gaya wa mijinta ko ɗanta cewa yau kwana biyar ba ta zaga ba. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, mata kuwa sun riƙe wannan karin magana da kyau. Saboda haka sai ta aiki yaro kasuwa ya sayo mata maganin basir. Mafi yawan lokaci abin da ke damunta ba mai haɗari ba ne, gyaransa yana cikin turmi da randa da masai. Amma akwai kaɗan daga cikinsu waɗanda babbar cuta ce ke ɓoye a bayan wannan taurin ciki, su kuma kowane wata da suka yi suna shan maganin kasuwa hasara ce da ba a mayar da ita.

ABIN DA A KE NUFI DA MAƘARƘASHIYA

Mutane da yawa suna tsammanin wanda bai zaga kowace rana ba ba shi da lafiya. Wannan ba daidai ba ne. Likitoci sun yarda cewa daga sau uku a rana har zuwa sau uku a mako duk lafiya ce, muddin abin yana fita ba wahala. A shekarar 2016 wani taron masana cutukan hanji ya sabunta ƙa'idar da a ke kira ƙa'idar Rum, wadda likitocin duniya ke bi. A cikinta an ce mutum yana da maƙarƙashiya mai daɗewa idan ya haɗa biyu ko fiye daga cikin waɗannan har tsawon wata uku: zagawa ƙasa da sau uku a mako, yawan nishi da yunƙuri, bayan gida mai tauri ko guntu-guntu kamar na awaki, jin cewa bai fita duka ba, jin kamar an toshe hanya, ko kuwa sai an sa hannu an taimaka kafin ya fita. Wannan na ƙarshe ya fi yawa ga matan da suka haihu da yawa, kuma shi ne suka fi jin kunyar faɗi.

YADDA HANJI KE AIKI

Abinci in ya bar tumbi sai ya bi ƙaramin hanji, mai tsawon kamar mita 6, inda jiki ke tsotse amfaninsa. Abin da ya rage sai ya shiga babban hanji, mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi, yana ruwa-ruwa kamar kunu. Aikin babban hanji shi ne ya janye ruwan nan ya mayar wa jiki. A kowace rana kimanin lita ɗaya da rabi ke shigarsa, abin da ke fita tare da bayan gida kuwa bai fi cikin ƙaramin kofi ba. To, hanji ba ya daina tsotsa. Iyakar daɗewar abin a ciki, iyakar bushewarsa, kamar yadda laka ke ƙanƙamewa a bakin kududdufi bayan ɗaukewar ruwa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin zancen: duk abin da ya jinkirta tafiyar hanji, ko ya sa mutum ya riƙe bayan gida, shi ne ke busar da shi.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta jiki mai amfani. Da zarar abinci ya sauka tumbi, musamman karin kumallo, babban hanji ya kan motsa ya tura abin da ke cikinsa ƙasa. Wannan ne lokacin da zagawa ta fi sauƙi. Wadda ta saba danne wannan kira kullum, a kwana a tashi sai jikinta ya rage sanar da ita.

DON ME TA FI KAMA MATA MANYA

A ƙasashe da yawa an lura mata sun ninka maza wajen kukan wannan ciwo. Al'adar mace ta kan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55, kuma a wannan tsakani sinadaran jikinta suna sauyawa, mata da yawa su kan ji cikinsu ya yi nauyi. Amma a ƙasarmu ba a nan babban dalili ya ke ba.

Na farko haihuwa. Binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a jihohin arewa maso yamma, inda Kano ta ke, mace ɗaya ta kan haifi 'ya'ya fiye da shida. A ƙasan ƙugu akwai wata shimfiɗar tsoka da ke tallafe da mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji. Kowace haihuwa tana ja ta, doguwar naƙuda kuwa tana iya yaga ta. Sa'ad da al'ada ta ɗauke sai tsokar ta ƙara saki. Ga waɗansu mata bangon da ke tsakanin dubura da gaba ya kan lotsa ya yi kamar aljihu, bayan gida ya taru a ciki, komai yunƙurinta ba ya fita. Waɗansu kuma mahaifar ce ke saukowa. Irin wannan ba tsime ko gari da zai gyara shi, sai ungozomar asibiti ko likitan mata ya duba.

Na biyu, kuma shi ya fi shafar hakimai, zancen makewayi ne. A gidan da ba masai, mace ba ta fita daji da rana, sai ta jira duhu ko ta yi sammako. A gidan da masai ɗaya ne ga mutum ashirin, ko kuwa yana kusa da zaure inda maza ke zama, ko katangarsa ta zube an kafa zana mai huji, uwar gida ta kan riƙe har ta ga ba idon suruki ko na baƙo. Abin da ya fi wannan muni, mata da yawa da gangan su ke rage shan ruwa don kada fitsari ya dame su. A watannin Maris da Afirilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce awo 40, macen da ta wuni gaban murhu ba ta sha kirki ba, jikinta zai nemi ruwa inda ya samu, watau a cikin hanjinta. Da hunturu ma haka, gama ƙishirwa ba ta damun mutum amma iska tana busar da jiki.

Akwai kuma zama. Yarinya tana daka, tana surfe, tana ɗebo ruwa. In ta girma ta sami surukai da jikoki sai a ɗauke mata duk wannan, don girmamawa, ta wuni kan tabarma. Girmamawar tana da kyau, amma hanji yana son motsi.

Sai magunguna. Ƙwayoyin ƙarin jini masu ƙarfe suna taurara bayan gida, suna kuma baƙanta shi. Haka waɗansu magungunan hawan jini, da na olsa masu kama da alli, da Buscopan da a ke sha don murɗar ciki. Tiramol da kodin sun fi duka, gama kusan tsayar da hanji su ke yi. Gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramol har yanzu yana shiga gidaje da sunan maganin ciwon baya da gajiya. Cin farar ƙasa, wanda waɗansu mata ke ci gaba da shi bayan goyon ciki, shi ma yana cushe hanji. Ciwon sukari yana kawo maƙarƙashiya, haka kuma raunin halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura a ke cewa maƙoƙo. Kada kowa ya bar maganin hawan jini don kansa saboda wannan bayani. A koma wa wanda ya rubuta shi a gaya masa, gama akwai wani iri da zai iya musanyawa.

ZANCEN DUSA

Wani likita mutumin Ailan mai suna Denis Burkitt ya yi shekaru yana aikin fiɗa a Uganda. Ya lura cewa cutukan babban hanji da suka cika asibitocin Ingila ba safai ya ke ganinsu ga mutanen ƙauye ba. A 1972 shi da abokan aikinsa suka buga abin da suka auna: bayan gidan mutumin ƙauyen Afirka ya ninka na Bature kamar sau huɗu a nauyi, kuma abincinsa ya kan ratsa jiki cikin kwana ɗaya da rabi, na Bature kuwa sai ya kai kwana uku. Suka ce bambancin yana cikin harza, watau ɓangaren hatsi da ganye da 'ya'yan itace wanda hanji ba ya narkarwa. Harza tana riƙe ruwa, tana ƙara wa bayan gida auki da laushi, sai hanji ya sami abin turawa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya sami aƙalla giram 25 na harza a rana, tare da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace.

Abin dubawa shi ne, abincin da Burkitt ya yaba shi ne kusan abin da ƙasar Gaya ke nomawa: gero da dawa da wake da gyaɗa. Amma harzar hatsi tana cikin dusa, dusa kuwa ita ce a ke surfewa a sheƙe a ba awaki. Da can turmi ya kan bar saura. Injin surfe na yanzu fes ya ke fitar da ƙwaya, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi, tuwo ya fito fari sumul, kowa ya yaba. Ga kuma shinkafar buhu da taliyar leda da burodi da fulawa, waɗanda tun daga masana'anta aka raba su da dusarsu. Gidan da a ke karyawa da shayi da burodi, a ci shinkafa da mai da yaji da rana, a ci taliya da dare, akuyar gidan ta fi uwar gida samun abin da hanji ke bukata.

Ba cewa a ke yi a bar surfe ba. Surfe da wanki suna fitar da tsakuwa da ƙura da funfuna, funfunar hatsi kuwa guba ce ga hanta. Abin da a ke so shi ne a tsince hatsi, a wanke shi, a yi masa surfe sama-sama, kada kuma a tankaɗe gari har ya zama kamar hoda. Sa'an nan a mayar da hankali ga miya, gama a nan arzikin ya ke. Kuka da kuɓewa da karkashi da lalo suna da yauƙi, yauƙin nan kuwa irin harzar da ta fi sauƙi ga ciki ce, tana tausasa bayan gida ba ta cika tara iska ba. Zogale da rama da tafasa da alayyafo da kabewa, a kwaɗo ko a dambu ko a fate, duk suna yi. Ɗanwake ya haɗa wake da kuka a kwano ɗaya. Gwanda da mangwaro da gwaiba a lokacinsu, da dabino da aya da goruba, da tsamiya a kunu, ba wanda sai an je birni kafin a same shi.

Sharaɗi biyu ne. A ƙara a hankali, cikin mako biyu ko uku, gama wadda ta tashi rana ɗaya ta cika cikinta da wake da rama za ta sha kumburi, ta ce shawarar ƙarya ce. Kuma harza ba ta aiki sai da ruwa. Mace ta nemi shan kamar lita biyu a rana, watau cikin ledar ruwa huɗu, ta ƙara lokacin zafi. Kunu da koko da fura suna cikin lissafi. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari: in ya yi ja ya yi kaɗan, ruwa bai isa ba. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda ita kam sai ta bi abin da likita ya ƙayyade mata. Da azumi a rarraba sha tsakanin buɗa baki da sahur, kada a bar shi duka sai an kusa kiran assalatu.

Abu ɗaya da mutanen ƙauye suka riga mutanen birni: tsugunno. Zama a tsugunne yana miƙar da ƙarshen hanji, ya fi zama kan masan tangaran. Wadda ciwon gwiwa ya hana ta tsugunno, in tana zama kan kujerar masai, ta ɗora ƙafafunta kan ɗan dutse ko guntun katako yadda gwiwoyi za su ɗara ƙugu. Ta je bayan karin kumallo, ta ba kanta minti biyar zuwa goma, in bai zo ba ta tashi, kada ta yi ta yunƙuri. Yawan yunƙuri shi ke haifar da basir na gaskiya, watau kumburin jijiyoyin jini a bakin dubura.

KUMBURI

Iskar ciki daga wuri biyu ta ke: wadda a ke haɗiya wajen cin abinci da gaggawa da shan lemon kwalba, da wadda ƙananan halittun da ke zaune a babban hanji ke fitarwa sa'ad da su ke cin ragowar abinci. In hanya ta cushe iskar ba ta samun wucewa, shi ya sa mata da yawa kumburinsu ke sacewa da zarar bayan gida ya daidaita. Wake da albasa da alkama sun fi tara iska. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, sa'an nan a dafa shi ya yi luguf. Manya da yawa kuma cikinsu ba ya karɓar madara, ko ta gari ko ta gwangwani, amma ya kan karɓi nono da kindirmo, gama tsami ya riga ya cinye wani ɓangare na abin da ke damunsu. Wadda ke zargin wani abinci ta bar shi mako biyu ta gani, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kada ta haramta wa kanta komai ta rame.

Kumburin iska yana hawa yana sauka: da safe ciki a lafe, da yamma ya cika, a yi gyatsa ko tusa a ji sauƙi. Kumburin da ba ya sauka, kullum gaba ya ke yi, wannan wani abu ne dabam, za a kuwa dawo kansa.

MAGANIN KASUWA DA NA ASIBITI

Ba kasuwar ƙauye da ba a jin lasifikar mai maganin basir. A bakinsa ciwon baya basir ne, kumburi basir ne, jini basir ne, kasala ma basir ce. Yawancin irin wannan haɗi da ke sa zawo akwai filasko a ciki ko wani ɗan'uwansa. Filasko magani ne na gaske, ba a musu. Tun a 1916 wani likita mai suna Dalziel ya sa shi cikin littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa, kuma dangi ɗaya su ke da ganyen sanna wanda a ke yin ƙwayoyin asibiti da shi har yau. Bambancin shi ne ƙwayar asibiti an auna ta, ƙullin kasuwa kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa, ba wanda ya san abin da aka gauraya. Mace ta sha ta yi zawo kwana biyu, ruwa da gishirin jikinta su zube, hanji ya wofinta. Sai ta yi kwana huɗu ba ta zaga ba, domin ba abin da zai fita, ta ɗauka ciwon ya dawo, ta sake sha. Haka waɗansu ke shekaru suna kewaya wuri ɗaya.

Kanwa ma a yi hattara da ita. Ta kan kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma dangin gishiri ce. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da kumburin zuciya ga masu jego. Macen da ta haura arba'in, wadda wataƙila tana da hawan jini ba ta sani ba, jiƙon kanwa kullum ba alheri ba ne gare ta. Ɗura ruwan sabulu ta dubura kuwa a bar shi sam, yana ƙona hanji.

In an gyara abinci da ruwa har wata guda ba a ga canji ba, akwai magungunan da ma'aikacin lafiya zai bayar. Akwai mai ruwa kamar zuma, laktulos, wanda ke jawo ruwa cikin hanji. Ya kan yi kwana ɗaya ko biyu kafin ya yi aiki, kuma yana iya ƙara iska da farko. Akwai garin makrogol da a ke damawa a ruwa, aikinsa irin wannan ne, amma bai cika kumbura ciki ba. Akwai ƙwayar sanna da Dulcolax, a sha da dare su yi aiki da safe. Duk waɗannan ba su da laifi in an bi awo. Kowane magani za a saya a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewarsa.

ALAMUN DA BA A JINKIRI A KANSU

Wannan ne sashen da a ke roƙon kowane magatakarda ya kwafe, a karanta wa dagatai. Mace mai shekara 40 ko fiye, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti za a kai ta, ba wurin mai magani ba: jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta alhali ba ta shan maganin ƙarin jini, canjin da ya zo sabo, watau wadda da lafiya lau ta ke zagawa sai ga maƙarƙashiya ko zawo ko su biyun suna karɓa-karɓa har makonni, rama ba dalili, ɗashewar ido da tafin hannu da haki, ƙullutu a ciki, ko kuwa in an san uwa ko uba ko ɗan'uwa ya yi sankarar hanji. Basir yana zubar da jini, gaskiya ne, amma sankarar hanji ma tana yi, kuma ba mai iya rarrabe su da ido daga waje. Likitocin Nijeriya sun daɗe suna kukan cewa masu wannan cuta ba sa iso musu sai ta yi nisa, kuma da yawansu ba su tsufa ba. A Amurka ma a 2021 an sauko da shekarun fara binciken hanji daga 50 zuwa 45. In an kama ta da wuri a kan yanke wurin mutum ya warke.

Kumburin da ba ya sauka, tare da ƙoshi da an ci loma kaɗan, da nauyi a mara, da yawan fitsari, yana iya zama ƙari a mahaifa ko sankara a ma'ajiyar ƙwan mace, ko ruwa da ya taru saboda ciwon hanta. Jinin da ya dawo wa mace bayan ta shekara da ɗaukewar al'ada shi ma lalle ne a duba shi, komai ƙanƙantarsa.

Akwai kuma wanda ba ya jiran gari ya waye. In ciki ya kumbura tim, yana murɗa, ga amai, ba bayan gida, ba ko tusa, to hanji ne ya toshe ko ya naɗe. Haka in wani ƙullutu a cibiya ko a matsematsi ya taurare ya ƙi komawa. Kada a ba ta maganin zawo, kada a ba ta abinci. A nemi mota a kai ta Babban Asibitin Gaya a daren. Abin da ya fi ƙarfinsu su za su tura Kano ta hanyar Wudil, ko Asibitin Murtala Muhammad ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda a ke da na'urar leƙa cikin babban hanji.

ABIN DA KE HANNUN HAKIMI

Hakimai sun san ƙarfin wannan tsani na hakimi da dagaci da mai unguwa, gama da shi aka yaƙi shan inna tun daga kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a 2009 har aka tabbatar a 2020 cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Wannan aikin bai kai wancan nauyi ba. Babban abin da ke ciki shi ne masai. A 2019 gwamnatin tarayya ta fara gangamin hana bayan gida a fili, a 2022 kuma aka bayyana Jigawa, maƙwabciyarmu, a kan ita ce jihar farko da ta cim ma wannan. Sa'ad da a ke zaga gidaje kada a tsaya ga tambayar ko akwai masai. A tambayi maigida ko yana da katanga da ƙyaure da murfi, ko mata suna iya shigarsa da rana ba tare da sun ratsa gaban maza ba, ko a babban gida an ware musu nasu. Haka a kasuwa da gidan biki da ɗakin shan magani. Rijiyar burtsatse da ta lalace a kai rahotonta ƙaramar hukuma da wuri, gama in ruwa ya yi tsada a gida, uwar gida ce ke fara rage nata.

Maganar kanta ba daga bakin namiji za ta shiga cikin gida ba. A bi ta hannun ungozomomi da malaman Islamiyyar matan aure da ma'aikatan lafiya mata. Ga maza kuwa, limamai da masu unguwanni su tunasar da su cewa in mace ta ce tana son ganin likita a ba ta izini da kuɗin mota, ba sai an tsare ta da tambayar abin da ke damunta ba. A bar ta ta tafi da 'yarta ko ƙanwarta.

Mata da yawa in sun shiga gaban likita sai kunya ta kama su, su ce ciwon ciki kawai, a ba su maganin olsa su dawo. A nan malamin hakimi ko na dagaci zai yi amfani ƙwarai, ta hanyar wata mace a gidan da ta iya rubutu. A koya mata ta rubuta a 'yar takarda: yaushe abin ya fara, sau nawa ta ke zagawa a mako, da tauri ko da laushi, akwai jini ko babu, ta rame ko ba ta rame ba, haihuwa nawa ta yi, al'ada ta ɗauke ko tana nan. A haɗa takardar da dukan magungunan da ta ke sha a leda ɗaya, na kemis da na gargajiya, har da ƙullin kasuwa, ta miƙa wa likita tun kafin ya fara tambaya.